Masallacin Yama da Masallacin Ƙauyenmu

   

Darasinmu na yau na tarihi ne. Sau da yawa in an ce tarihi, sai hankalin mutum ya tafi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Yau za mu duba abin da ya fi kusa da kai. Kana shiga cikinsa sau biyar a rana. Shi ne masallacin ƙauyenku.

Ya kai mai karatu, ga tambayoyi huɗu. Wa ya gina masallacin ƙauyenku? A wace shekara? Wa ya ba da filin? Wane ne limaminsa na fari? Dakata kaɗan, ka gwada amsawa kafin ka ci gaba.

Na taɓa yin waɗannan tambayoyi ga ɗalibaina a wani ƙauye na arewacin Tanut. Wani ya ce kakansa ne ya gina. Wani ya ce wani madugu ne na Abzinawa. Na uku ya ce an gina shi bayan babbar yunwa, amma bai san ko wace yunwa ba ce. Daga nan duka suka ce in je wurin wani tsoho, shi ya san kome. Na ce to, sai bayan kaka, in aiki ya yi sauƙi. Kafin a gama ɗaurin hatsi, Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Ya tafi da labarin. Laifin nawa ne, don ina da alƙalami, ina da takarda, na yi jinkiri. Dalilin wannan darasi ke nan.

ƘASARMU TA DAMARGU

Damargu tsohuwar hanyar fatake ce. A da, ayarin raƙuma ya kan taso daga Tarabulus da Gadamas da Gat, ya ratsa Abzin, ya sauka a ƙasarmu, sannan ya wuce Damagaram da Kano. Garuruwa irin su Jajiduna sun ga baƙi iri-iri. Geron Damargu shi ya ke ciyar da mutanen Abzin. Har jimina an yi kiwo a nan, ana sayar da gashinta ga fataken arewa.

A watan Janairu na 1851, wani Bajamushe matafiyi mai suna Hainrik Bart, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka a Damargu. A Tagelel ya rabu da shugaban tafiyarsu, Ricadsan. Shi Ricadsan ya nufi Damagaram, Bart kuwa ya yi yamma wajen Tasawa. Ka ga mun san wata, mun san shekara, mun san sunan gari. Me ya sa? Don baƙon ya rubuta abin da ya gani. Kwanaki kaɗan ya yi a ƙasarmu, amma labarin kwanakin nan yana nan. Kakanninmu da su ka haƙa rijiyoyi, su ka gina masallatai, sun shekara ɗaruruwa a nan, amma sunayen da yawa daga cikinsu sun ɓace.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai cinikin hamada ya ja da baya. Yunwa ta zo a 1913 da 1914. Fari ya sake zuwa a 1973 da 1974, da kuma 1984. Wasu ƙauyuka sun tashi, wasu sun kafu. Duk inda mutanenmu su ka sauka, bayan rijiya sai masallaci. Da fari a kan jera duwatsu ko a kafa itatuwa, a nuna alƙibla. In zama ya yi daɗi, a yi rumfa, a kewaye da zana. In gari ya kafu sosai, sai a kwaɓa ƙasa a yi gini. Saboda haka tarihin masallaci shi ne tarihin gari.

Yanzu bari mu bar Damargu kaɗan, mu yi yamma. Za mu ziyarci wani ƙauye na manoma kamarmu, wanda an rubuta tarihin masallacinsa, har duniya ta san shi.

YADDA AKA FARA MASALLACIN YAMA

Yama ƙauye ne a ƙasar Adar, cikin jihar Tawa, kudu da birnin Tawa. Mutanensa Hausawa ne, manoman gero da dawa. Kafin 1962 suna da ƙananan masallatai na unguwa, amma ba su da masallacin Juma'a. Wanda ya ke son sallar Juma'a sai ya tafi wani gari.

Ka san samun masallacin Juma'a babban al'amari ne ga ƙauye. A mazhabar Malikiyya da mu ke bi, ana son gari ya zama na mazauna, masallacin ya zama ginanne, a kuma sami aƙalla maza 12 ban da liman. Ranar da ƙauye ya fara Juma'arsa, ranar ce ya nuna ya tsaya da ƙafafunsa.

A 1962, shekara 2 bayan Nijar ta sami mulkin kai, dattawan Yama su ka yanke shawara su gina nasu. Ba su jira wani attajiri daga waje ba. Sun ba da aikin ga ɗan garinsu, wani magini mai suna Falke Barmu. Shi ma manomi ne kamar sauran. Da damina yana gona, da rani yana gini.

Kowane gida ya kawo abin da ya iya. Mai kuɗi ya ba da kuɗi. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da ƙarfinsa. Wasu su ka yi tubali, wasu su ka ɗebo ruwa, wasu su ka nemo itace. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Yama an ga gaskiyar wannan magana.

Ginin farko ba shi da wani ado mai yawa. Ɗaki ne babba mai kusurwa huɗu. Ginshiƙai na ƙasa sun jeru a ciki, suna riƙe da rufi shimfiɗaɗɗe. Wurin tsayuwar liman ya ɗan fito waje ta gabas. Iyakarsa ke nan. Amma ya biya bukata: mutanen Yama sun yi Juma'a a garinsu.

Kada ka raina ginin ƙasa, ya kai mai karatu. Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda aka gina a Madina bayan hijira a shekara ta 622, da tubalin ƙasa aka yi shi. Ginshiƙansa kututturen dabino ne, rufinsa ganyen dabino. Shi da kansa ya ɗauki tubali tare da sahabbansa. Aikin gayya na gina masallaci tsohuwar hanya ce mai asali.

GYARA YA ZAMA ƘARI

Bayan shekara 13, a 1975, lokacin gyara ya yi. Ka lura da shekarar. Ƙasarmu ta fito daga babban fari ke nan, dabbobi sun mutu, rumbuna sun yi sauƙi. Duk da haka mutanen Yama su ka koma kan masallacinsu.

Alhaji Falke Barmu bai tsaya ga toshe ɓaraka kawai ba. Ya sake rufin, ya ɗora shi bisa bakan gizo, ya kuma yi tulluwa a tsakiya. Bakan gizo shi ne ginin da ya ke tasowa daga ginshiƙi, ya lanƙwasa a sama, ya sauka bisa wani ginshiƙi. Magini ya kan ɗaure itatuwa, ya lanƙwasa su sannu-sannu, ya lulluɓe su da ƙasa. Itace yana ba ginin ƙashi, ƙasa tana ba shi nama. Ta haka a ke samun ɗaki mai faɗi da tsawo, mai sanyi da rani, ba tare da ƙarfe ko siminti ba. A garuruwan kudu, inda giginya ta ke da yawa, da azara a ke yin wannan aiki, don gara ba ta cinta da wuri.

Daga 1978 zuwa 1982 aka ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Abin mamaki, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. Kowace da siffarta. Suna da kauri a gindi, suna sirancewa in sun yi sama, adonsu yana ƙaruwa wajen kai. Magini bai zana su a takarda ba tukuna kamar yadda masu digiri su ke yi. Idonsa da hannunsa su ne ma'auninsa.

Lissafa da kanka: daga 1962 zuwa 1982, shekara nawa ke nan? Shekara 20. Yaron da ya ɗebo ruwa a aikin farko, ya zama magidanci kafin a gama hasumiya ta huɗu. Masallacin ya girma tare da garin.

RANAR DA DUNIYA TA SAN YAMA

Akwai wata babbar kyauta da a ke bayarwa duk shekara 3 ga gine-gine mafiya kyau da amfani a ƙasashen Musulmi. Sunanta kyautar Aga Khan. A 1986 aka yi bikinta a birnin Marakesh na ƙasar Maroko. Ayyuka 6 su ka ci. A cikinsu akwai gyaran Masallacin Ƙudus, da gyaran tsohon birnin Mostar a Turai, da wani masallaci a Pakistan, da wani babban gini a Istambul, da wata unguwa a Kazablanka. Na shidansu shi ne masallacin Yama.

Ka ji fa. Ginin ƙasa, na manomi, a ƙauyen Adar, ya tsaya sahu ɗaya da aikin Masallacin Ƙudus. Kafin a ba da kyautar, sai da masana su ka zo su ka auna ginin, su ka ɗauki hotuna, su ka tambayi mutane, su ka rubuta. Wannan rubutu ne ya sa yau ni da ke Damargu na iya gaya maka shekarun nan ɗaya bayan ɗaya: 1962, 1975, 1982, 1986. Akwai magina gwanaye da yawa a ƙasarmu. Wanda aka rubuta sunansa shi a ke tunawa.

Aikin Alhaji Falke bai tsaya a Yama ba. Akwai wani masallaci nasa a ƙauyen Dandaji, shi ma a jihar Tawa. Da ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, sai aka yi shawara. Maimakon a rushe shi, aka gina sabon masallaci kusa da shi, mai ɗaukar mutum wajen 1000. Tsohon kuwa aka gyara shi, aka mai da shi ɗakin karatu, mai littattafai da wuraren koyo. Mata 2 ne su ka tsara aikin: Mariyam Isufu Kamara, ƴar Nijar, da Yasaman Isma'ili, ƴar Iran. An gama a 2018. Wurin da aka yi sujada jiya, yau yara da manya, maza da mata, suna neman ilimi a ciki. Wannan labari ya shafe mu, mu ƴan yaƙi da jahilci.

GININ ƘASA YANA SON HANNU

To amma akwai gargaɗi. Ginin ƙasa kamar dabba ya ke, yana son kiwo. Abokin gabansa ruwa ne. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufi. In gindin bango ya zauna cikin laima, sai ya zaizaye. In an bar yaɓe shekara 2 ko 3, ƙaramar tsaga ta zama babba.

Dubi masallacin Agadas, wanda da yawa daga cikinku sun gani. An gina shi wajen 1515, an sake gina hasumiyarsa a 1844. Tsawonta mita 27. Itatuwan nan da su ka fito daga jikinta, a kansu magina su ke takawa in za su yi yaɓe. Wato tun ranar gini aka yi tanadin ranar gyara. Shi ya sa ta ke tsaye har yanzu. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihi na duniya.

Ga kuma labarai 2 masu ban tausayi. A birnin Zariya ta Nijeriya akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830. Ran 11 ga Agusta 2023, wani sashe nasa ya rufta ana cikin sallar la'asar, mutane da dama su ka rasu. Na biyu kuwa a gidanmu ya faru. A farkon watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Tun tsakiyar ƙarni na 19 ya ke tsaye. Kakanni da jikoki sun yi salla a cikinsa. Rana ɗaya ya zama tarin ƙasa.

In haka ta sami masallatan birane, inda akwai sarakuna da attajirai, ina ga na ƙauye? Yanzu ruwa ya kan zo da ƙarfi a ɗan lokaci. Samarin da su ke yin yaɓe kuma, da an gama kaka sai su tafi cin rani Agadas, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Nijeriya. Sai a bar tsofaffi da bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wasu garuruwa sun sami sabon masallaci na siminti da kwano. Madalla, alheri ne. Amma siminti ma yana tsagewa, kwano yana tsatsa, iska tana yaye shi. Ginin da aka kawo maka kyauta, in ba ka ɗauke shi naka ba, ba za ka kula da shi ba. Kuma samun sabo bai zama dalilin mai da tsoho turken awaki ba. Mutanen Dandaji sun nuna mana wata hanya.

YADDA WASU SU KE YI A INGILA

Yanzu bari mu ƙetare teku, mu ga yadda mutanen wata ƙasa su ke riƙon ɗakin ibadarsu na ƙauye. Addininsu daban, namu daban. Amma dabarar tattalin gini da adana labari, kowa yana iya koya daga kowa.

A ƙasar Ingila, kusan kowane tsohon ƙauye yana da majami'arsa, wato ɗakin ibadar Kirista. Babbar ɗariƙar ƙasar tana da majami'u wajen dubu 16, da yawansu sun haura shekara 500. A wani ɗan ƙauye mai suna Girinsted, arewa maso gabas da birnin Landan, akwai wadda aka yi bangonta da gungumen itace. Masana sun duba zoben da ke cikin itacen, don itace yana ƙara zobe ɗaya kowace shekara. Su ka gane an sare itatuwan bayan shekara ta 1060. Wato ginin ya haura shekara 900, kuma har yanzu ana ibada a cikinsa.

Yaya itace ya kai haka a ƙasa mai yawan ruwa? Ta hanyar gyara, kamar Yama. Wani zamani ya ƙara ɗaki na jan bulo. Wani zamani ya ƙara hasumiya. A 1848, da aka ga gindin itatuwan ya ruɓe, sai aka yanke ruɓaɓɓen wurin, aka ɗora sauran bisa bulo. Kowane zamani ya sa hannunsa.

Suna da al'adu 3 da ya kamata mu lura da su.

Ta farko, kowace shekara jama'ar ƙauye su kan zaɓi wakilai, galibi mutum 2, masu kula da ginin da kayansa. Kowa ya san wanda za a tambaya in rufi ya yi yoyo.

Ta biyu, doka ta ce duk shekara 5 a kira masanin gini ya duba majami'a daga sama har ƙasa. Ya rubuta abin da ya lalace, da wanda ya kamata a fara gyarawa.

Ta uku ita ce babba. A 1538, zamanin Sarki Henri na 8, wazirinsa Tomas Kuromwel ya ba da umurni kowace majami'a ta ajiye littafi. A rubuta duk jaririn da aka yi wa wankan shiga addini, da duk auren da aka ɗaura, da duk wanda aka binne. A sa littafin cikin akwati mai makulli 2, ɗaya a hannun malamin majami'a, ɗaya a hannun wakilan jama'a. Wanda ya ƙi rubutawa a ci shi tara. A 1598 aka ce a kwafe tsofaffin littattafan bisa fata, don ta fi takarda ƙarko. Wasu sun ɓace, wasu ɓera da laima sun ci. Amma da yawa suna nan. Yau talaka ɗan Ingila yana iya samun sunan kakan kakan kakansa, da shekarar aurensa, da ƙauyensa.

Su ma suna da tasu damuwa. Masu zuwa ibada sun ragu ƙwarai. Malami ɗaya ya kan riƙe ƙauyuka da yawa. An rufe wasu majami'u, har a 1969 aka kafa wata hukuma ta kula da rufaffun, tana riƙe da fiye da 350. A wasu ƙauyuka an buɗe kanti ko gidan waya a wani gefen majami'a, don mutane su riƙa shiga. Su suna da littafi da gini, jama'a ta yi kaɗan. Mu kuwa, alhamdu lillahi, masallatanmu cike su ke. A nan a ke salla, a ke tafsiri da azumi, a ke sasanta manomi da makiyayi, a ke sanar da ɓatan raƙumi, a ke saukar da baƙo. Abin da ya rage mana shi ne littafi.

AIKIN DA KE GABANKA

Ya kai ɗan'uwa, ya ke ƴar'uwa, da ba ka iya rubutu ba, ba mai ganin laifinka. Yanzu ka iya. Ga abin da mu ke roƙo kowace cibiyar yaƙi da jahilci ta Tanut da Balbeji ta yi.

1. Ku haɗa kuɗi ku sayi kaye ɗaya mai kauri. A bangonsa ku rubuta: Littafin Masallaci, da sunan garinku.

2. Ku nemi izinin liman da mai gari. Ku gaya musu nufinku. Liman da almajiransa sun riga mu riƙe alƙalami. In sun fi son a rubuta da ajami, a rubuta da ajami da boko duka.

3. Ku je wurin tsofaffi, maza da mata. Kada ku manta da mata, don su su ka ɗebo ruwan ginin, kuma sun fi riƙe lissafin haihuwa da aure. Ku tambaya: wa ya ba da fili, wa ya gina, daga ina aka kawo itace, su wane ne limamai da ladanai tun daga na fari.

4. In tsoho bai san shekara ba, ku tambaye shi abin da ya faru a lokacin. Kafin mulkin kai ne ko bayansa? Mulkin kai 1960 ne. Kafin babban fari ne ko bayansa? Wanne, na 1973 ko na 1984? Da haka za ku kusanci shekarar.

5. In mutum 2 sun saɓa, ku rubuta maganar kowa da sunan wanda ya faɗa. Kada ku zaɓi wadda ta yi muku daɗi. Kada ku ƙara gishiri.

6. Ku ware shafi na gyara. Kowace shekara, kafin ruwan farko, mutum 2 su zaga masallaci tare da magini. Su duba indararo, da rufi, da gindin bango, da ginshiƙai. Su rubuta abin da su ka gani, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a, a sa ranar gayya. In tsaga ta yi girma, a daina salla a ƙarƙashinta sai an gyara. Rai ya fi gini.

7. Ku ajiye kayen cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da laima. Ku yi kwafi na biyu, ku ajiye a wani gida dabam.

Ku sani wannan littafi ba ya maye gurbin takardar haihuwa ko ta aure. Waɗannan a wurin hukuma a ke karɓarsu, kuma wajibi ne kowa ya nema wa iyalinsa. Littafin masallaci na tarihin gari ne.

Wataƙila ka ce rubutunka bai yi kyau ba tukuna. Ba kome. Masallacin Yama ma da ɗaki mai kusurwa huɗu ya fara, hasumiya daga baya ta zo. Kai rubuta layin farko. Ɗanka zai ƙara nasa, jikanka ya ƙara.

Abu ɗaya kawai na ke roƙonka: kada ka yi irin kuskurena. Kada ka ce sai bayan kaka. In akwai tsoho a garinku da ya ga ranar da aka aza tubalin farko, je ka gaishe shi yau da marece, da kayenka a hannu.

TAMBAYOYI

A wace shekara aka fara masallacin Yama? Mene ne sunan magininsa? Shekara nawa aka yi daga farawa zuwa gama hasumiyoyi? Me aka mai da tsohon masallacin Dandaji? Wane umurni aka bayar a Ingila a 1538? Wane ne limamin farko na masallacin garinku?

Ku rubuta amsoshinku, ku ba malamin cibiyarku. Amsar tambaya ta ƙarshe ba ta cikin wannan takarda, tana garinku.

Allah ya raya masallatanmu, ya jiƙan waɗanda su ka gina su, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake saduwa a darasi na gaba. Wassalamu alaikum.